Tsohuwar Suzukin nan ta Garwa, a gyara ko a bari?

Malam, ka tambaya ko motar Suzuki SJ410 ɗin da ta shekara biyar a ajiye a bayan gidan kawunka za ta tashi. Za ta tashi, injinta mai 970cc ba shi da rigima. Amma kada ka yi garajen murza makulli. Cire fulogogi, ɗiga baƙin mai a ramukan, ka juya injin da sifana. In ya juya, to alhamdu lillahi. Zubar da tsohon fetur, a wanke tanki da kafireta, a sauya bel ɗin tayimin, don zafin Garwa ya gama da robarsa.

Ni dai shasi, wato ƙarfen da gangar motar ke zaune a kai, shi ne damuwata. Shiga ƙarƙashi da guduma ka ƙwanƙwasa inda sifirin ya kama. In tsatsa tana zubowa ɓawo-ɓawo, nemo mai walda tukuna, fenti ya jira.