Tambaya da Amsa: Mai na tsiyaya a aksul ɗin gaba na Land Cruiser

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser 80 ƙirar 1994, ina jigilar kaya da ita tsakanin Daura da ƙauyukan Ɓaure. Kwanan nan wani baƙin abu mai ruwa-ruwa yake tsiyaya ta bayan tayar gaba ta dama, kuma in na karya sitiyari sosai sai in ji ƙas-ƙas. Zan iya gyarawa a gida? Sannan wani mai walda ya ce zai ƙara wa aksul ɗin ƙarfe don ya yi ƙwari. In yarda? Daga mai karatu a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, muddin kana da haƙuri da wuri mai tsabta. Ka ware kwana biyu, kuma ka yi gefe biyun gaba ɗaya.

Abin da kake gani man giya ne ya gauraya da giris. A kowane ƙarshen aksul akwai gwiwa mai siffar ƙwallo, a cikinta mahaɗin da ake kira Birfield yake juyawa cikin giris. Wani ɗan oyil-sil ne kawai ya raba girisin da man giyar da ke tsakiyar aksul. In ya ci, sai mai ya kwararo ya tsinka girisin, mahaɗin ya riƙa aiki kusan a bushe. Daga nan ƙarar take fitowa. Sau da yawa kuma ba sil ɗin ne mai laifin farko ba. Akwai ɗan bututun numfashi a saman aksul, ƙurar hunturu da lakar damina sukan toshe shi. Aksul ya yi zafi, iska ta rasa mafita, sai ta tunkuɗa mai ta bakin sil. Wanda ya canza sil bai buɗe wannan bututu ba, zai sake kwance motar.

Ka sayi cikakken saitin gyaran gwiwa: sil na ciki, gasket, zoben roba da na soso na bayan gwiwa, wosha mai kunne, da boris biyu na kowace gwiwa, sama da ƙasa. A boris ka nemi Koyo ko Timken, sil kuwa na Toyota. Ka tanadi soket mai lamba 54, sifana mai awon ɗauri, sikelin hannu mai ƙugiya, kananzir da tsummoki da yawa. Giris iri biyu ne: baƙi mai sinadarin moli (molybdenum) na gwiwa da Birfield, sai na boris ɗin taya daban. Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ka tokare ta da abin da ba zai goce ba.

Wajen kwancewa, ka ɗaure kan birki da waya, kada ya rataya a jikin tiyonsa. Woshoshin murfin tsakiyar taya masu siffar mazurari sukan kafe. A kan kusar ake bugawa da guntun tagulla har su yi tsalle, ba a cusa kurfi a tsakani. Birfield yana da gefe biyu shafaffu, sai sun kalli sama da ƙasa zai fito. Siraran falankin ƙarfen da za ka tarar a ƙarƙashin murfin boris na sama, ka ɗaure na kowane gefe daban, domin su ke saita ɗaurin gwiwa.

Nan aikin yake. Ka wanke komai, ka sa sababbin boris, ka ɗaure notoci huɗu na hannun sitiyari da ke ƙasan gwiwa a 96 Nm (Nm shi ne ma'aunin da ke jikin sifana mai awon ɗauri). Kafin ka mayar da shaf, kuma kafin ka ɗaure zoben soso, ka maƙala sikeli a ƙarshen hannun ka ja. Ya kamata gwiwar ta motsa tsakanin kilo 2.5 da 4.5. In ta yi sako-sako ka rage falanki, in ta yi tauri ka ƙara. Sakaci a nan shi ke kawo rawar sitiyari a kan kwalta.

Ka shafa yatsa a wurin da sil yake kama shaf. In ya yi zurfi har farce na maƙalewa, sabon sil ma zai yi yoyo. Ka zura shaf a hankali kana tallafe da shi, musamman dogon, don kada ya yaga leɓen sil. Ka cika gwiwa da giris kashi uku cikin huɗu. Notin boris ɗin taya kuwa, a ɗaure shi a 59 Nm, a juya, a sassauta, a sake ɗaurewa a 5.4 Nm kawai, sannan wosha mai kunne, sai notin waje a 64 Nm. Man giya 80W-90 GL-5, kusan lita 2.8, har ya kai bakin ramin zubawa. Birfield mai ƙara, in ka wanke ka ga tsagewa ko ramuka a hanyar ƙwallayensa, ka canza shi.

Batun walda, shawararmu ka dakata. Aksul ɗin 80 mai ƙwari ne tun daga kamfani, kuma da taya daidai misali ba ya buƙatar ƙari don yashin Ɓaure. Abin da ke karya shi manyan tayoyi ne, da lodi fiye da kima, da taka totur alhali sitiyari na karye. Zafin walda kuma yana lanƙwasa aksul, shaf ya daina zama a tsakiya, sil ya riƙa ci kowane lokaci. In dole sai an yi, a sauke aksul a fitar da kayan cikinsa duka, a riƙa ɗinki gajere kamar santimita 3 ana sauya gefe, a bar shi ya huce da kansa ba tare da an watsa ruwa ba.

Bayan tafiyar farko, ka sake gwada notoci huɗun nan na ƙasan gwiwa, domin in suka saki kusoshin kan karye, sitiyari ya kuɓuce. Bututun numfashin kuma ka ƙara masa tiyo ka ɗaga shi zuwa cikin ɗakin inji kafin damina.