Bakansi a ƙasar inabi, in tahi ko in haƙura?

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ni malamar lakwal ce nan Maradi, unguwar Zariya. Ƙanena yana aiki Kef Tawun, Afrika ta Kudu, ya ce in zo bakansi har ya kai ni Stellenbosch, to sai na ji an ce wajen duk gonakin giyar inabi ne, wallahi hankalina bai kwanta ba. In tahi ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki tahi abinki, gona ba mashaya ba ce. Gaskiya ne Stellenbosch, da ke kamar kilomita 50 daga Kef Tawun, da giya ya yi suna, kuma in kin shiga manyan gonakin za su nuna miki teburin ɗanɗano an jera kofuna, nan ne kawai ba naki ba, ki ce ruwan inabi kike so wanda ba a tsima ba, akwai shi ko'ina kuma ba mai yi miki kallon banza. A gidan abinci ki tambaya ko an sa giya cikin miya, don wasu da ita suke dahuwa.

Abin da mutanenmu ba su sani ba, musulmi sun fi shekara 300 a Afrika ta Kudu. Shehu Yusuf na Makassar, malami daga Indonesiya, tun 1694 Turawan Holan sunka kawo shi gudun dole, kabarinsa na nan har yau. Ki sa ƙanenki ya kai ki Bo-Kaap, unguwa ce a gangaren dutse, gidaje jere wannan kore wannan ruwan hoda wannan shuɗi, hanyoyin an daɓe su da duwatsu, nan masallacin Auwal yake da aka kafa a 1794, shi ne na farko a ƙasar gaba ɗaya, ga abincin halal kamar kina gida. Ni da za ki bi tawa, kwana ɗaya ya ishi gonaki, sauran ki ba wannan unguwa da tsibirin Robben inda Mandela ya yi shekara 18 a kurkuku.

Amma lokacin ne ya dame ni. Bakansin lakwal namu Yuli zuwa Satumba ne, su kuwa lokacin suke tsakiyar sanyi, ruwan sama da iska, kurangar inabi duk ta kaɗe ganye sai ƙirare. In kina son ganin inabi ya nuna a uwarsa to Fabrairu ko Maris, in bai yiwu ba ki nemi hutun ƙarshen Disamba. Teku kuma kar shuɗinta ya ruɗe ki, ɓangaren Atlantika ko da zafi ruwan kamar ƙanƙara yake.

Jirgi sai Yamai, Ethiopian na bi ta Addis Ababa. Ki fara neman biza da wuri, kuma katin rigakafin ciwon shawara ya zauna cikin fasfo, don suna tambayarsa.