Amsa ga mai son ɗora injin Subaru a tsohuwar Vanagon

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka, ka ce bas ɗinka Volkswagen Vanagon ta 1987, irin mai gado da ɗan kicin a ciki, ta fara shanye ruwa tana obahitin, kuma wani ya yi maka tayin injin Subaru mai lita 2.5 tsurarsa da araha, kana so ka ji ko in ka ɗora za ta wuce gwajin hayaƙi a Kalifoniya. Toh ni dai na yi wannan aikin a tawa, na kuma taya wasu, shawarata ita ce kar ka sayi injin nan tukuna. Araha ba ta ado, ballantana a wannan harkar.

Abin da mutane da yawa ba sa ganewa shi ne hukuma ba ƙarfen injin take dubawa ba, duk abin da ya fito da shi daga kamfani na rage hayaƙi take so ta gani a jikin motarka yana aiki. Burenbos ɗinsa, wayarin ɗinsa, katalis, sensan iska na gaban katalis da na bayansa, gwangwanin gawayin nan da ke kama tururin fetur, har akwatin iya kilina. Mai sayar da inji tsura yawanci ya riga ya datse wayoyin da almakashi, burenbos kuma ya tafi wani wajen, kai kuma sai ka koma tsintar kaya ɗaya bayan ɗaya daga motoci daban daban masu shekaru daban daban, filogin wannan bai shiga na wancan ba, a ƙarshe kuɗin ya ninka kuma ba ka da wata takarda da za ta nuna daga wace mota injin ya fito. Shi ya sa nake cewa kowa ya nemi mota sukutum, wadda aka buge ta baya ko ta gefe amma tana tashi, ka ji ƙarar injin da kunnenka, ka jona na'urar karanta kod ka ga abin da take cewa, ka ɗauki hoton lambar shasi da sitikar nan ta ƙarƙashin bonet mai bayanin hayaƙi, sannan ka kwance abinka a nitse.

Dokar Kalifoniya a kan canjin inji ba ta da wani sarƙaƙiya a takarda. Injin ya zama na shekarar motarka ko wanda ya fi ta sabunta, ba ka komawa baya. Ya fito daga mota mai aji ɗaya da taka, wato ba za ka ciro na babbar motar kaya ka sa a ƙaramar bas ba. In motarka asalinta mai shaidar Kalifoniya ce, toh injin ma sai mai shaidar Kalifoniya, wannan sitikar ta bonet ita za ta gaya maka. Bayan ka gama kuma ba shagon gwajin hayaƙi na unguwa za ka fara zuwa ba, wajen rafari za ka, wanda ke ƙarƙashin BAR, hukumar jihar mai kula da gyaran motoci da gwajin hayaƙi, shi zai bi komai da tocila, in ya gamsu ya manna maka lakabi a jikin motar, daga nan duk gwajin da za a yi nan gaba da wannan lakabin za a yi aiki. Motocin fetur na 1975 zuwa baya su ne ba sa shiga gwajin, taka ta 1987 tana ciki dumu-dumu. Ka kira su ka gaya musu shekarar motarka da shekarar wadda za ka ciro injin tun kafin ka biya ko sisi, kuma ka rubuta abin da aka ce maka.

Yanzu inda aikin yake, shekarar injin. Daga 1996 duk ƙananan motocin Amurka suka koma OBD2, wannan soket mai baki 16 da ake jona kwamfuta. In injinka na bayan nan ne dole soket ɗin ya kasance a motarka yana magana, fitilar cek injin ta kama in ka murɗa makulli ta mutu in mota ta tashi, kuma burenbos ya gama gwaje-gwajen da yake yi wa kansa ya nuna sun kammala. A nan ne Vanagon ke ba mutane wahala, don burenbos ɗin Subaru yana neman abubuwan da ita ba a haife ta da su ba. Yana son sanin gudun mota, sai ka sa masa sensan gudu, in babu za ka ga mota na mutuwa in ka taka kuloc za ka tsaya a danja, ga kod ya fito. Na shekarun baya-bayan nan kuma suna son sensan da ke auna matsin iska a cikin tankin mai, don gano ko tururi na yoyo, tankin Vanagon kuwa tsoho ne da robobin da suka bushe a samansa, da yawa ma in an cika tanki sai ka ji warin fetur. Sai ka sauke tankin ka canza robobin nan gaba ɗaya. Kar ka yarda da masu cewa a sa ɗan resista a yaudari burenbos, rafari ya san wannan wasan, kuma taɓa kayan hayaƙi laifi ne ko a dokar tarayya ba sai ta jiha ba.

Shi ya sa a ra'ayina, in ba tsere za ka yi ba, 2.2 na Subaru Legacy daga 1990 zuwa 1994 ya fi kwanciyar hankali. Ya girmi OBD2, wayarinsa kaɗan ne, ƙarfinsa wajen doki 130 ne, naka na asali 2.1 kuwa bai kai 100 ba, ka ga ko a haka ka samu ƙari mai yawa, za ka hau tudu da kaya ba tare da jerin motoci sun taru a bayanka ba. Matsalarsa kawai tsufa, samun mai lafiya yanzu sai an tona. 2.5 ɗin ya fi ƙarfi, wajen 165, amma an san shi da cin gasket, in shi ka zaɓa ka canza gasket da tayimin bel da famfon ruwa tun yana ƙasa. In kuma ya yi sabunta da yawa ka shiga zamanin makulli mai kod, sai ka haɗo da makullin da abin da ke karanta shi, wani aikin ne daban.

Wayarin nan fa kar ka raina shi. Nawa a ƙasan gareji na baje shi, na warware baƙin tef ɗin gaba ɗaya hannuna ya yi danƙo, kowane filogi na ɗaura masa farin tef na rubuta sunansa, ga zanen wayarin na ainihin shekarar a gefe, ina bin waya ɗaya ɗaya ina cire na fitilu da na gilas da na rediyo. Zanen shekarar da ke kusa ba ya yi, launin waya na canzawa. In ka san ba ka da haƙurin wannan, akwai masu yin sa a matsayin sana'a, ka aika musu, ba abin kunya ba ne.

Katalis kuma, ko dai na asalin motar da ka ciro injin, ko wanda hukumar CARB, mai kula da tsabtar iska a Kalifoniya, ta amince da shi, mai lambar amincewarta da ake kira EO a buge a jikinsa. Ka gaya wa mai walda ya juya shi yadda lambar za ta kalli ƙasa a iya karanta ta, na ga wanda aka maido saboda lambar ta koma sama ta manne da jikin mota, kaya lafiya lau amma ba a iya gani. Kuma ya zauna kusa da inji gwargwadon yadda yake a asali, in ya yi nisa ba ya zafi da wuri.

Sauran ba na doka ba ne amma za su same ka. Kaskon baƙin mai na Subaru yana saukowa ƙasa sosai a bayan Vanagon, yawanci ana sa gajere. Giyabos ɗinka an yi shi ne don ƙaramin inji, kuma an san raunin da ke tsakanin giya uku da huɗu, in bai taɓa ganin gyara ba ka ware masa kuɗi. Lagireto yana gaba inji yana baya, bututun ruwa doguwar tafiya yake yi, in iska ta maƙale a ciki sabon injin ma zai yi obahitin ɗin da ka gudo, ka ɗaga gaban motar ka fitar da iskar a hankali. Masu ce maka ka sa injin dizal TDI na Volkswagen, eh yana da tsimin mai, amma juyawarsa ba ta kai ta fetur ba, in ba a canza haƙoran giya ba zai riƙa ihu a babban titi, ga lissafin rajistarsa daban.

Ga 'yan uwa da ke Turai masu karantawa, ku lissafinku ya sha bamban. A Landan yankin ULEZ, inda ake cajin motoci masu yawan hayaƙi, yana neman matakin hayaƙi na Euro 4 ga fetur, Euro 6 ga dizal, in ba haka ba fam 12.50 a rana, kuma sa sabon inji ba ya nufin an canza wa motar aji a rajista kai tsaye. Motar da ta haura shekara 40 aka yi mata rajistar kayan tarihi ba ta biya, amma canjin inji zuwa wani iri daban na iya janye maka sassaucin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. A Jamus ma lambar H ta motocin tarihi masu shekara 30 tana son mota a kamanninta na zamaninta, sai ka yi magana da TÜV, masu gwajin lafiyar mota, kafin ka kwance ko noti.

Abu na ƙarshe Malam, ranar da za ka je wajen rafari kar ka cire kan batir kuma kar ka goge kod da safe, yin haka yana share duk gwajin da burenbos ya tara, sai ka sake yawo cikin gari da babban titi kafin su dawo. Ka fara sa a duba maka ko gasket ne kawai ya tafi a injinka na yanzu, don in kan silinda bai ci ba gyaransa ya fi duk wannan sauƙi nesa ba kusa ba. In kuma ka dage sai Subaru, turo mana hoton sitikar motarka da shekarar injin da aka yi maka tayi, ka tambayi mai shi ko burenbos da wayarin suna nan ba a yanka ba.