Tambayoyin Masu Karatu: Libarbar albarushi irin ta zamanin kaboyi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, kuma tun ina yaro nake sha'awar bindigogin da muke gani a fina-finan kaboyi. Kwanakin baya na shiga wani shagon kayan farauta na ga libarba sabuwa fil, irin wadda ake ɗura wa albarushi. Mai shagon ya ce kwaikwayon samfurin 1858 ce, kuma zan iya biya in tafi da ita ba tare da cike takardun sayen bindiga ba. Shin gaskiya ne? Wace iri ce ta dace da wanda bai taɓa riƙe irinta ba, kuma me ya kamata in sani kafin harbin farko? Daga mai karatu a Columbus.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, abu na farko da nake so ka cire daga ranka shi ne kalmar kwaikwayo, domin tana sa mutane su ɗauka abin ado ne na rataye a bango. Siffarta kawai aka kwaikwaya. Aikinta na bindiga ne cikakke, kuma da ire-irenta aka yi yaƙin basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865. Samuel Colt ya sami haƙƙin mallakar fasahar libarbarsa a Amurka a 1836, kamfaninsa ya fitar da samfurin Navy a 1851 da na Army a 1860, shi kuma kamfanin Remington ya fito da nasa wanda ake kira 1858 saboda shekarar haƙƙin mallakar da aka buga a jikinsa. Sababbin da ake sayarwa yau kusan dukkansu daga lardin Brescia na arewacin Italiya suke fitowa, daga kamfanin Pietta ko kamfanin Uberti, wanda Aldo Uberti ya kafa a 1959 daidai lokacin da Amurkawa ke shirin cika shekara 100 da fara wancan yaƙi, kasuwar kayan tarihi kuma ta buɗe.

Maganar mai shagon tana da tushe. Dokar tarayya ta 1968 ta ware bindigogin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, da kwaikwayonsu da ba sa cin harsashi mai kwanso, ta sa su a sahun kayan tarihi. Sai dai kowace jiha tana da tata dokar, jihohi irin su New Jersey da Illinois sun fi tsanantawa, kuma sauƙin saye bai ba ka izinin soke ta a ƙugu ka shiga gari ba. Ka karanta dokar jiharka, idan kuma da biza kake zaune, ka tuntuɓi lauya tukuna.

Game da zaɓi, ni dai Remington mai jikin ƙarfe nake ba sabon shiga shawara. Jikinta a haɗe yake, da ƙarfe ya ratsa saman gangar nan mai juyawa mai ramuka shida, saboda haka ta fi ƙarko, kuma gangar tana fita cikin sauƙi idan an zo wanki. Colt ta fi daɗin riƙo a hannu, amma samanta a buɗe yake, maƙallin saitinta ɗan tsagi ne a kan gudumar da ke bugawa idan an ja kunama, kuma ɓurɓushin hular tartsatsi, wato ɗan ƙoƙon jan ƙarfen da gudumar ke bugawa ya kunna albarushi, yakan faɗa cikin bindigar ya maƙale ta. Za ka ga masu jikin tagulla suna ƙyalli, kuma sun fi araha. Tagulla ta fi ƙarfe laushi, idan ana yawan cika mata albarushi jikin yakan saki a hankali. Ka duba tambarin hukumar gwajin bindigogi ta Italiya a jikinta, musamman haruffan PN, waɗanda ke nufin da baƙin albarushi aka gwada ta.

Nan ne wurin da zan tsaya in ja kunne. Albarushin zamani mara hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya samar a 1884, ƙarfin matsinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, kuma ko kaɗan aka zuba shi a wannan libarba zai iya tarwatsa gangar a hannun mai harbi. Launinsa kada ya ruɗe ka, domin shi ma yakan zo baƙi. Rubutun jikin gwangwani ne abin dubawa. Baƙin albarushi mai alamar FFFg, wadda ke nuna girman ƙwayoyinsa, ko madadinsa da aka yi don wannan aiki irin Pyrodex, su kaɗai ne abincinta, kuma gwargwadon awon da littafin kamfanin ya faɗa. Ana zubawa ne daga ɗan ma'auni, rami ɗaya bayan ɗaya. Kada ka kafa bakin gorar albarushi kai tsaye a kan ganga, saboda idan akwai sauran garwashi a ciki, gorar gaba ɗaya ce za ta kama a tafin hannunka.

Ƙwallon dalma kuwa da gangan ake yin sa ya ɗan fi ramin faɗi, misali mai awon .454 ga bindiga mai awon .44, ta yadda idan ka danna shi da sandar ɗurin da ke ƙarƙashin bututu zai zubar da ɗan siririn zobe na dalma. Wannan zobe shi ne shaidar cewa ramin ya toshe ruf. Ka danna har ƙwallon ya zauna a kan albarushi ba tare da sarari a tsakani ba, amma kafin ka sa ƙwallon ka ɗora ɗan ƙyallen ulu mai maiƙo a kan albarushin, ko kuma ka shafa maiƙo a bakin ramin bayan ka danna shi. Hular tartsatsi ita ake sawa a ƙarshe, a filin harbi, bakin bindiga yana fuskantar abin hari. Hular tana zuwa lamba 10 ko 11, kuma dole ta kama ɗan tsinin da ke bayan kowane rami da kyau. Duk wannan kiyayewa don gudun abu ɗaya ne: wutar rami ɗaya ta tsallaka ta kunna maƙwabtansa, ramuka biyu ko uku su tashi lokaci guda. Shi ya sa ba a taɓa sa hannu a gaban ganga. Idan ka ja kunama ka ji shiru, ka ci gaba da nuna ta wajen abin hari har minti ɗaya, domin albarushi yakan yi nawa kafin ya kama. Tabarau da abin toshe kunne wajibi ne.

Mafi yawan filayen harbi na cikin gini ba sa karɓar ta saboda hayaƙi, sai ka nemi na waje. Kuma ka yi sa'a, domin hedikwatar ƙungiyar masu harbi da bindigogin ɗuri ta Amurka, wadda aka kafa a 1933, tana garin Friendship na jihar Indiana, maƙwabciyarku. Ka fara a gaban wanda ya daɗe a harkar; abin da zai nuna maka da hannu cikin awa ɗaya ya fi abin da wannan shafi zai iya ɗauka. Idan ka dawo gida, kada ka kwanta sai ka wanke ta da ruwan zafi da sabulu, ka busar, ka shafa mai, saboda tokar albarushi tana jan laima, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu tsatsa take fara cin bututu.

TAMBAYA: Ina da ƙane a Amurka, ya ce mini can ana sayar da irin wannan libarba kamar yadda ake sayar da kayan gida. Tunda ta ɗuri ce kamar bindigar toka da mafarauta da 'yan bindigar sarki suke riƙewa, zai iya aiko mini da ita in ajiye don tarihi? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Ɗan'uwa, kada ya aiko, kada kuma ya sako ta a jakarsa idan zai zo gida. Gaskiya ne ita da bindigar toka abincinsu ɗaya, kuma hayaƙin da kake gani a hawan sallah irinsa take fitarwa, amma dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta ta 1959 ce, ba a aji ɗaya ta sa su ba. Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Dogayen bindigogin ɗuri irin adaka suna aji na uku, wanda lamarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Bindigogin farauta suna aji na biyu, ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda. Libarba da duk wata ƙaramar bindigar hannu kuwa suna aji na farko, na makaman da aka haramta, wanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake mallakarsu. Waɗanda suka rubuta dokar har sun ambaci ƙananan bindigogi masu ƙanƙara da masu hular tartsatsi da sunansu, saboda haka hujjar cewa ta tarihi ce ba za ta cece ka a gaban jami'in kwastan ko alƙali ba. Abin da ya sa doka ta bambanta su a fili yake: adaka doguwa ce, harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗuri, ita kuwa wannan tana ɓuya a aljihun babbar riga kuma tana yin shida a jere.

TAMBAYA: Maigidana ya sayi irin wannan bindiga a nan Faransa, ya ce doka ta yarda. Muna da yara uku ƙanana, hankalina bai kwanta ba. Daga wata mai karatu a Lyon.

AMSA: 'Yar'uwa, maigidanki ya faɗi gaskiya ta fuskar saye, domin a Faransa irin waɗannan suna rukunin D, wanda duk wanda ya kai shekara 18 zai iya saya, ko da yake yawo da ita ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne. Damuwarki kuma tana kan hanya, kuma haƙƙinki ne ki zauna da shi ku yi maganar a natse. Wannan bindiga tana da wani hali da ya sa ajiyarta ta fi ta zamani wuya: idan an ɗura ta, ba a zare harsashin da yatsa kamar sauran, sai an harbe shi ko an ciro da kayan aiki, shi ya sa wasu suke kasala su bar ta a ɗure. Ki roƙe shi kada ta taɓa kwana a gidan da ɗuri a cikinta. Ya cire gangar ya kulle ta daban da jikin bindigar, ya bar albarushi a gwangwaninsa na asali a wuri mai sanyi, nesa da murhu da na'urar ɗumama ɗaki, hulunan tartsatsi kuma a wani wurin na dabam, makullan duka a hannunsa ko naki. Akwai kuma batun dalma, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara: ƙwallayen sun yi kama da abin wasa, yaro zai iya jefa ɗaya a baki, saboda haka su ma a kulle su. Idan ya dawo daga filin harbi, ya wanke hannu ya sauya riga kafin ya ɗauki yaro, wankin bindigar kuma ya yi shi a cikin roba ta daban, ba a wurin da kike wanke kwanukan abinci ba.