Ina zuwa sujada, amma zuciyata a bushe take

'Yar'uwa, kin ce ba ki fashin sujada, kina cikin Zumuntar Mata, amma zuciyarki a bushe take, har kina tsoron ko kin ja da baya ne. Ni dai ban ga ja da baya a nan ba. Mai rai ne ke jin yunwa. A Matiyu 5:6 Yesu da kansa ya kira masu yunwa da ƙishin adalci masu albarka, ya ce za su ƙoshi.

Na shiga wannan hali shekarar da na rasa mahaifiyata. Ina tsaye cikin mawaƙa, bakina na motsi, ba abin da ke taɓa ni. Da asuba, kafin in hura wuta, sai na fara zama kan tabarma da tocila ina karanta Zabura ɗaya da murya. Zabura 42 na fi maimaitawa, inda marubucin ya kwatanta ransa da barewa mai marmarin ruwa. Wata rana hawaye kawai ne addu'ata. Sai da aka yi watanni kafin na ji sauƙi.

Ki tuna da manna, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji, a littafin Fitowa 16: kowace safiya ake tarawa, wanda aka ajiye ya kwana sai ya yi tsutsa. Wa'azin Lahadi ba zai kai ki Asabar ba. Ki ɗauki Bisharar Markus, surori 16 kacal gare ta, ki riƙa karanta kaɗan kullum. Ki kuma nemi wata uwa a ikilisiyarku ki faɗa mata abin da kika faɗa nan, ku riƙa addu'a tare.