Ku Tambaya Mu Amsa: Bana, Kati da Allunan Taro

Tambaya: Mun yi bikin saukar Alƙur'ani a Islamiyyarmu. Muka buga babbar bana ta fileks muka rataya a bayan dandamali, amma na baya suka ce launi kawai suke hangowa. Da hotuna suka fito kuma, kawunan malamai sun rufe sunan makarantar. Ina muka kuskure? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Kun duba aikin a fuskar kwamfuta, inda tsakaninku da rubutu bai wuce kamu biyu ba, alhali mai karanta shi yana can ƙarshen rumfa. Masu aikin alluna suna da awon da suke bi: duk nisan ƙafa 10, harafi ya samu tsayin inci 1. Idan kujerar ƙarshe tana ƙafa 60 daga dandamali, sunan taron bai kamata ya gaza inci 6 ba. To, ina za a sami wannan fili idan an cusa sunan uban taro da uwar taro da babban baƙo da baƙi na musamman su goma sha, kowa da sarautarsa? Mun san ana yi ne don kada wani ya ce an raina shi, amma wurin waɗannan sunaye shi ne takardar tsarin taro da ake rabawa hannu. Bana abu uku take ɗauka: wane taro ne, na su wa ne, yaushe ne.

Batun kawuna kuwa lissafi ne. Mutum a tsaye yana tare kusan ƙafa 6, balle mai hula ko rawani. Idan banar ƙafa 8 ce daga daɓen dandamali, ƙafa 2 na sama kaɗai ne naku, can za ku sa suna da tambari. Ƙasan a bar shi da ado marar nauyi. Ku kuma nemi fileks marar sheƙi, domin mai sheƙi yana mayar da hasken kyamara ya bar farin tabo a tsakiyar hoto.

Ruwan gwal a kan fari yana burge ido a waya, amma a rana ɓacewa yake. Kafin ku biya, ku mayar da hoton aikin baƙi da fari a wayarku. In rubutun ya saje da bango, a sake launi.

Tambaya: Katin ɗaurin auren ƙanwata ya fito da ƙananan akwatuna a gurbin ƙ da ɗ da ɓ, shuɗin da muka zaɓa kuma ya dushe. Laifin maɗaba'a ne? (Mai karatu daga Katsina)

Amsa: Rabi nasu, rabi na wanda ya zana. Yawancin salon rubutu masu lanƙwasa da ake so a katin biki ba su da haruffa masu ƙugiya. Ko mai zane yana da salon da ke da su, idan kwamfutar maɗaba'a ba ta da shi, sai ta musanya da wani wanda ba shi da su. Salon rubutu irin su Noto Sans da Andika suna ɗauke da su duka, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar. In da manhajar zane ta CorelDRAW aka yi aikin, a zaɓi rubutun a danna Ctrl da Q, ya koma zane, sannan a fitar da PDF. Amma a ajiye kwafin asali, don bayan haka ba a iya gyara ko harafi ɗaya.

Launi kuma, fuskar waya da haske take aiki, wato RGB, injin bugu kuwa da tawada huɗu, CMYK. Shuɗi da kore masu ƙyalli su suka fi dushewa. A tsara aikin a CMYK tun farko, hotuna su kai dpi 300 (ma'aunin kaifin hoto ne a bugu), a bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Kada a tura hoto ta WhatsApp haka kawai, matse shi yake. A tura shi a matsayin fayil. Sannan a sa su buga guda ɗaya, a miƙa wa wanda bai ga aikin ba, ya karanta ranar da wurin da ƙarfi, kafin a buga kati 500.

Tambaya: A wurin taronmu, baƙi suna ta kiran waya suna tambayar hanya, mata kuma suna faɗawa ɓangaren maza. Yaya za mu yi? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Ku bi hanyar da ƙafa tun daga bakin titi kamar baƙi. Duk inda hanya ta rabu, allo ɗaya: kibiya babba da kalma ɗaya ko biyu, "Mata", "Maza", "Alwala", "Bayi". A ɗaga shi sama da ƙafa 7 don cunkoso kada ya rufe shi. Kowane ɓangare ya riƙe launinsa tun daga ƙofa, saboda wanda ba ya karatun boko. Inda dattawa suka yi yawa, a ƙara ajami a ƙasa. Banar da za ta kwana a waje a huda mata zobe duk bayan ƙafa 2, a ɗaure kowanne, in ba haka ba iskar hunturu za ta yage ta daga kusurwa.