Kada ka ɗaura amfilifaya da rediyo a kan waya ɗaya

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun da hantsi na ga tambayarka, aiki ne ya riƙe ni a gareji, sai yanzu bayan isha'i na samu zama. In na fahimce ka daidai, ka sayi amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai hanya huɗu don Corolla ɗinka, kana son ta riƙa tura sifikun ƙofofin gaba, wani kuma ya ce ka ɗaura wayoyinta a kan wayoyin sifika da ke bayan rediyo ba tare da ka yanke komai ba. Sannan kana son sanin ko dole ne sai ka ja sabuwar waya har cikin ƙofa.

Waccan shawarar, don Allah ka bar ta. Rediyon mota yana da 'yar amfilifayarsa a ciki. Ko an rubuta 50W x 4 a fuskarsa, ƙarfinsa na gaskiya bai cika wuce wat 15 zuwa 22 a kowace hanya ba. In ka haɗa shi da babbar a kan waya ɗaya, kowanne zai riƙa tura wuta cikin ɗan'uwansa, kuma ƙaramin ne zai fara ƙonewa. An sha kawo mini rediyo a nan Birnin Kebbi, fitilarsa tana kamawa, agogonsa yana tafiya, amma shiru kake ji, in ka buɗe sai warin ƙauri. Kusan duk wannan haɗin ne sanadi. Dole ka raba sifikun gaba da rediyo gaba ɗaya. Aikin rediyo ya koma aika sauti ta wayar RCA (wayar sautin nan mai kawuna ja da fari) daga inda aka rubuta FRONT zuwa hanya ta 1 da ta 2 a jikin amfilifaya, ita kuma ta tura sifikun.

Maganar jan waya cikin ƙofa kuwa, ba dole ba ne. In amfilifayarka ba ta wuce wat 50 zuwa 75 RMS a kowace hanya ba, wayar da ta zo da motar za ta ɗauka. Lambar RMS ɗin nan, wato ƙarfinta na gaskiya, ita za ka duba, ka ƙyale 2000W ɗin da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Yadda nake yi shi ne, na ja waya geji 16 (geji ma'aunin kaurin waya ne) mai laushi daga amfilifaya zuwa bayan dashbod, na yanke wayoyin sifikun gaba, na haɗa sabuwar da ɓangaren da ya tafi ƙofa, ɓangaren rediyo kuma na naɗe bakin kowace ɗaya da tef daban. Robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota tana da matsi, mutane da yawa garin cusa waya suke yaga ta, damina na zuwa ruwa ya samu hanya.

A rediyon da aka saya aka saka, irin su Pioneer da Sony da Kenwood, kalolin iri ɗaya ne: fara ita ce hagu ta gaba, mai ruwan toka dama ta gaba, wadda ke da baƙin layi a cikin kowace biyun ita ce nagetif. Kore da shunayya na baya ne, ka bar su. Amma wayoyin da Toyota ta saka da kanta kalarsu daban ce, don haka kada ka yi aiki da zato. Ka samu ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5, ka taɓa wayoyin biyu da shi na ɗan lokaci, za ka ji ƙas a ƙofar da suka nufa. In ka cire murfin ƙofar ka duba, idan takardar sifikar ta turo waje, to wayar da ke kan fozitif ɗin batirin ita ce fozitif. Kada dai ka yi wa tuwita, wato ƙaramar sifika mai fitar da siririn sauti, wannan gwajin kai tsaye.

Wannan fozitif da nagetif ɗin shi mutane ke rainawa, alhali shi ke lalata aiki mai kyau. In ka juya ɗaya, sifikar hagu na turowa ta dama na ja, sai su cinye wa juna ƙarfi. Kiɗan kalangu ya zama ba nauyi, muryar mai karatu ta rasa wurin zama, kamar daga bayan kunnenka take fitowa. Gwajinsa ba wuya. Kunna labarai, ka mai da sautin gefe ɗaya kacokan. In ka ji ya fi kauri a gefe ɗaya fiye da lokacin da biyun ke aiki tare, to akwai wadda aka juya. In haɗin ya yi daidai, za ka ji mai maganar kamar yana zaune a tsakiyar dashbod.

Kowace sifika da hanyarta. Sifikun ƙofa yawanci om 4 ne (om ma'aunin turjiyar wuta ne), in ka tara biyu a hanya ɗaya sun koma om 2, amfilifaya ta ƙara zafi, kuma ka rasa bambancin hagu da dama. Hanya ta 3 da ta 4 ka ajiye su, ranar da ka sayi wufa, wato babbar sifika mai fitar da sauti mai nauyi, sai a gama su biyun su tura ta.

Yanzu wutar kanta, kuma a nan ina roƙonka ka natsu. Kafin ka taɓa komai, cire kan batir na nagetif. Babbar wayar wuta geji 8 ta ishe ka, amma ka nemi jan ƙarfe na gaske. Akwai wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe, in ka kankare bakinta da wuƙa za ka ga fari, kuma ba ta da nauyi a hannu. Fis kuma a kusa da batir yake zama, kada tazarar ta wuce santimita 45, mai amfiya 40 zuwa 50 ga irin wannan wayar. Fis ɗin da ke jikin amfilifaya ita kaɗai yake karewa, ba ya kare wayar da ta ratsa motar. Ina sabon fita daga wurin maigidana na yi wa Golf ɗina haɗi ba fis, na ratsa wayar ta wata huda da ba roba a bakinta. Wata uku ƙarfen yana cin fatar wayar ban sani ba. Tsakanin Kalgo da Jega, da iyalina a ciki, hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin kafet. Allah ya taimaka akwai sifana mai lamba 10 a aljihun ƙofa, na kwance batir hannuna na rawa. Tun ranar ban ƙara sallamar mota ba fis ba, ko mai ita yana sauri.

Wayar nagetif ta amfilifaya ta zama kauri ɗaya da ta wutar, gajera, a ɗaure a jikin mota inda ka goge fenti da samfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli. Wayar RCA ta bi gefe ɗaya na motar, ta wuta ta bi ɗaya gefen. Kukan nan mai kama da na sauro da ke ƙaruwa in ka taka totur, galibi daga ɗaurin nagetif mara kyau ko haɗuwar wayar RCA da ta wuta yake. Siririyar shuɗiya mai farin layi ta rediyo ita ke zuwa REM a jikin amfilifaya, ita ce ke kunna ta in ka kunna rediyo. Shuɗiya zalla ta eriya ce, a wasu rediyoyin da zarar ka koma filashi ko Bluetooth sai ta ɗauke wuta, amfilifaya ta mutu.

Da ka gama, mai da makunnin hanyoyin gaba a jikin amfilifaya kan HPF, mai tace sauti mai nauyi, ka tsai da shi wajen lamba 80, don kada ƙaramar sifika ta ɗauki kayan wufa ta yage. GAIN kuma ba abin ƙara murya ba ne, shi ke daidaita sautin da ke shigowa amfilifaya daga rediyo. Mai da shi ƙasa, ka kai rediyo kashi uku cikin huɗu, ka riƙa ɗaga shi a hankali har ka ji sautin ya fara karcewa, sai ka ɗan koma baya.

In a ƙarƙashin kujera za ka girke ta, ka bar mata wurin shan iska, kada darduma ko buhu ya rufe ta. Zafinmu na Maris da Afrilu yana haura digiri 40, balle cikin motar da ta yini a rana.

Abu ɗaya ka duba mini: wasu motocin Toyota masu tambarin kamfanin sifika na JBL suna zuwa da tasu amfilifayar, kuma haɗinsu ya sha bamban da wanda na faɗa. Ka turo hoton bayan rediyon da na rubutun da ke jikin amfilifayar, gobe in Allah ya kai mu zan nuna maka wayoyin da za ka yanke.